Biyar ga Wata

Shekara goma sha ɗaya Tankari na Abijan.
Da amalanke ya fara, ya samu tebur,
teburin ya yi ƙiba ya zama shago.
Ni ina nan Tawa, ina karɓar saƙo,
ina mai da sefa bulo.

A ƙarshen Wadata muka sayi filin,
lokacin awaki kaɗai suka san hanyarsa.
Dillali ya rantse kwalta na tafe.
Kwalta ba ta zo ba. Ruwa dai ya zo,
ya ci katangar gabas har sau biyu.

Kuɗin ƙanena ya kai mu linta ya zauna.
Rufin, banki ya yi.
Na dangwala yatsa a takarda bakwai
ban san abin da ko ɗaya ta ce ba,
kuma tun daga ranar
biyar ga wata ta tsiro haƙora.

Ɗaki shida, famfo ɗaya, kantar wuta ɗaya.
Zali mai ƙanƙara ta ce firjinta ba ya shan komai,
tela ya ce ƙwan fitila biyu gare shi, a ƙirga,
ni ce alƙali duk ranar da takardar wuta ta iso.
Ɗalibai biyu na ba ɗaki na huɗu,
da asuba takalma takwas nake gani a ƙofa.
Wani direba ya kwashe kayansa da dare,
ya tafi da makulli da wata uku,
ya bar mini kalanda da ƙusa.

Sai Malam Nomau, ɗan kwantiragi.
In ya hango ni yakan gyara hula tun daga nesa:
“Sahiya, ba a biya mu ba tukuna.”
Na sani. Gari duka ya sani.
In buɗe littafi in rubuta ya biya,
in je in kwance bakin zanena.

Tankari a waya:
“Yaya, ki ƙara jikka biyu a kowane ɗaki.
Nan ba a wasa da haya.
Na shidan kuwa ki bar mini shi a kulle,
ranar da na dawo a nan zan miƙe ƙafa.”
Na ce to.
Ban gaya masa tun bara na sa mai gyaran babur a ciki ba,
don banki bai san ɗakin mai gida ba.

Da kaka ya dawo, jaka ɗaya a kafaɗa.
An faɗaɗa titi, shagon ya bi hanya.
A zaurena na shimfiɗa masa tabarma,
mai ɗaki shida, yana kwana kusa da buhun gero.
Kwana uku bai tambayi gidan ba.
Na huɗu ya ce in kawo littafin.

Na ba shi, na ce gobe biyar ga wata,
kai za ka ƙwanƙwasa.

Ya sa farar riga ya tafi.
Yara suka ce ya daɗe a tsakar gidan
yana shafa bango kamar mai taya saniya,
ya sha ruwan famfonsa da tafin hannu.
A ƙofar Malam Nomau ya ɗaga hannu,
ya ji ana karkasa tuwo a ciki, kashi biyar,
uwar tana cewa ita ta ƙoshi.
Ya sauke hannun.

Bayan magariba ya zauna yana juya shafuka,
yana bin layin Malam da yatsa:
ya biya, ya biya, ya biya.
Ya dubi kunnena, inda ƴan kunnen Inna suke a da.
Ban ce komai ba. Na tura masa fura.
Ya ce, “Ƙarfe nawa bankin ke buɗewa?”